A Koma Zara, Ko Da Wuta Take Ci

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san Zara matar wata, wato farin tauraron nan da yake bayyana a yamma da zarar rana ta faɗi, tun sauran taurari ba su fito ba. Haka kuma ya san Gamzaki, mai hudowa ta gabas gab da ketowar alfijir, wanda fatake suke dubawa su tashi su ɗaura wa jakuna kaya. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, Zara da Gamzaki abu guda ne, lokacin fitowa ne kawai ya raba musu suna. Kuma ba tauraro ba ne irin mai hasken kansa. Duniya ce mai duwatsu da kwaruruka kamar wannan da muke takawa, tana kewaya rana kamar yadda tamu take yi, hasken ranar ne kuma take maido mana. Larabawa suna kiranta Zuhura, Turawa suna ce mata Venus. A cikin dukkan duniyoyin da suke kewaya rana babu wadda take matsowa kusa da mu kamarta, domin akwai lokacin da tazarar da ke tsakaninmu takan ragu ta koma kamar kilomita miliyan 40.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan maƙwabciya tamu shi ne wata gardama da ta sarƙe tsakanina da wani malami ɗan'uwana, mutumin da nake ganin girmansa ƙwarai. A shekarar 2025 fadar shugaban Amurka ta gabatar da daftarin kasafin kuɗi, wanda a cikinsa ta nemi a soke kumbuna biyu, DAVINCI da VERITAS, waɗanda hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, wato NASA, ta zaɓa tun 2021 domin a tura su Zara. Da zancen ya faɗo muna zaune ana hira, sai Malam ya ce Allah ya raka taki gona. A ganinsa, wurin da ƙarfe ba ya iya kwana babu abin da mai hankali zai je nema. Ya ce kuɗin da za a ƙone a can bakin mayunwata ya fi cancanta da su. Ya ƙara da cewa ko da ma akwai amfani, ina ruwan ɗalibin Hausa da abin da yake faruwa a wata duniya, shi da bai gama da tasa ba? Ya rufe da cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ɗalibai da dama suka gyaɗa kai. Lokacin shiga aji ya yi ban gama ba shi amsa ba, shi ya sa na kawo ragowar amsar cikin wannan mujalla.

Kafin in yi musu, wajibi ne in ba Malam gaskiyarsa, domin bai yi wa Zara ƙazafi ba. Kyan ɗan maciji gare ta. Zafin doronta ya kai kimanin digiri 465 a ma'aunin Salshiyas, dare da rana kusan duk ɗaya, alhali kuwa dalma tana narkewa tun a digiri 327. Iskarta, wadda kashi 96 cikin ɗari iskar kabon ce, ta yi kauri da nauyin da duk abin da ya sauka ƙasa za ta danne shi ninki 92 na yadda tamu take danne mu, tamkar wanda ya nutse mita 900 a cikin teku. Gajimaren da ya lulluɓe ta ruf, wanda shi yake ba ta farin nan da muke sha'awa, na asid ne irin wanda ake zuba wa batirin mota, har ma ya fi na batirin ƙarfi nesa ba kusa ba. In ya zubo ba ya isa ƙasa, domin zafi yakan mayar da shi tururi tun yana sama. Wannan ita ce amaryar da muka ɗaura wa wata aure da ita.

Tarihin zuwa wurinta kuwa cike yake da asara. Tarayyar Sobiyet ta harba Venera 1 a 1961, aka daina jin duriyarsa a hanya. Na farkon Amurka, Mariner 1, ko sararin duniyarmu bai fita ba aka tarwatsa shi a 1962 saboda ya saki hanya. Venera 3 ya faɗa kan Zara a 1966, amma ya isa ne a kurmance, bai aiko da komai ba. Venera 4 ya shiga iskarta a 1967 ya yi shiru tun bai kai ƙasa ba, na 5 da na 6 kuma nauyin iska ya murƙushe su a sama a 1969. A 1978 Venera 11 da 12 suka sauka lafiya, amma murafen idon kyamarorinsu suka ƙi buɗewa, aka tashi babu hoto ko ɗaya. A 1982 murfin kyamarar Venera 14 ya buɗe, sai dai ya faɗi daidai inda hannun na'urar auna taurin ƙasa zai sauka, saboda haka kumbon da ya yi tafiyar wata huɗu ya ɓuge da auna taurin murfinsa. Wanda ya fi kowa daɗewa a raye a doron Zara shi ne Venera 13, kuma duka-duka minti 127 ya yi. Duk wannan gaskiya ne, kuma da a nan labarin ya tsaya da ni ma na gyaɗa kai tare da ɗalibai.

To amma tambayar da Malam bai yi ba ita ce, wa ya ɗauki wannan haɗari? A cikin shekara sittin da 'yan kai da aka yi ana aika saƙo Zara, babu ɗan'adam ko ɗaya da ya mutu a can, domin babu wanda aka tura. Ƙarfe ne yake zuwa, ƙarfe ne yake narkewa. Ni ma ban ce a ɗauki ɗan wani a jefa shi cikin wannan tanderu ba, kuma duk wanda ya kawo wannan shawara zan riga Malam tsayawa a gabansa. Abin da ake sakawa cikin haɗari shi ne dukiya, da shekarun da masana suke ɓatarwa wajen ƙira, da kuma kunyar da ƙasa takan sha in abin ya ƙi. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, amma irinsu ne kowane falke yake sakawa cikin haɗari ranar da ya ɗaura kaya. Kakanninmu da suka riƙa bin ayari zuwa Gwanja neman goro har da rayukansu suke tafiya a hannu, ga 'yan fashi, ga koguna, ga cuta, kuma ba mu taɓa jin an kira madugu mahaukaci ba.

Daɗin daɗawa, waɗannan kumbuna da suka mutu ba su mutu a banza ba, domin kowanne ya bar wa na bayansa wasiyya. Da Rashawa suka ga nauyin iska yana murƙushe musu kaya, sai suka ƙera Venera 7 yadda zai jure ninki 180 na nauyin iskarmu. Ranar 15 ga Disamba, 1970, laimarsa ta samu matsala, ya faɗo da ƙarfi, aka ɗauka ya bi sahun 'yan'uwansa. Sai daga baya da aka sake sauraren faifan da aka naɗa aka tarar ya yi minti 23 yana magana da wata siririyar murya daga ƙasa. Wannan shi ne karo na farko da wani abu da hannun ɗan'adam ya ƙera ya sauka a wata duniya ya aiko da labari daga doronta. Bayan shekara biyar, a Oktoban 1975, Venera 9 ya aiko da hoton farko da aka taɓa ɗauka a doron wata duniya. Shi kuwa Venera 13 da ake yi wa gorin minti 127, minti 32 aka ƙera shi ya yi. A cikin ɗan wannan lokaci ya ɗauki hotuna masu launi, ya huda ƙasa ya ɗebo ta ya auna, ya nuna cewa dutsen wurin irin wanda aman wuta yake bari ne. Wanda aka aika ya yi rabin sa'a ya yi sa'a biyu ya kuma cika aike, ban san da wane harshe ake kiransa asararre ba.

Domin mai karatu ya gane girman abin da aka samo, sai ya dubi abin da aka yi imani da shi kafin a je. A 1918 Svante Arrhenius, masanin kimiyyar nan ɗan ƙasar Suwidin wanda ya ci lambar Nobel, ya rubuta cewa Zara duniya ce jiƙaƙƙiya mai fadamu da tsirrai. Dalilinsa mai sauƙi ne: ya ga gajimare, ya ce inda gajimare yake akwai ruwa. Marubutan ƙagaggun labarai suka ɗora a kai, suka cika ta da kurmi da dodanni. Sai a shekarun 1950 aka fara jin alamar zafinta ta hanyar na'urorin rediyo, matashin masani Carl Sagan ya yi bayani a 1960 cewa iskarta ce take tsare zafi, Mariner 2 ya wuce ta gefenta a Disambar 1962 ya ƙarfafa zancen zafin, kumbunan Venera kuma suka shiga ciki suka auna da kansu. Gani ya kori ji. Idan gwani irin Arrhenius zai iya yin kuskure haka saboda ya tsaya daga nesa, to me Malam yake so mu dogara da shi in mun ƙi zuwa?

Yanzu bari in zo kan babbar hujjata, wadda ita ce ta hana ni yin shiru. Zara da duniyarmu kamar Hassana da Usaina suke. Faɗin Zara daga gefe zuwa gefe kilomita 12,104 ne, na tamu kuwa kimanin 12,750. Nauyinta ya kai kashi huɗu cikin biyar na nauyin tamu. Daga ƙura da duwatsu iri ɗaya aka gina su, a zamani ɗaya, a unguwa ɗaya. To me ya sa ɗaya ta zama gidan shinkafa da kifi da ɗan'adam, ɗaya ta zama maƙera? Mai saurin amsa zai ce ai don ta fi mu kusa da rana ne, tunda ita tana kilomita miliyan 108 daga rana, mu muna miliyan 150. Wannan amsa ba ta wadatar ba. Uɗaridu ta fi ta kusa da rana sosai, amma Zara ta fi ta zafi. Hasali ma farin gajimaren Zara yana mayar da kimanin kashi uku cikin huɗu na hasken da ya sauka a kanta, ta yadda hasken ranar da take shanyewa bai kai wanda duniyarmu take shanyewa ba. Sirrin yana cikin iskar kabon. Ɗan hasken da ya samu ya kutsa yakan ɗumama ƙasa, in ƙasar ta tashi fitar da zafin sai wannan iska ta tare shi kamar bargo mai kauri. Ƙofar shiga a buɗe, ta fita a ƙuntace.

Akwai kuma alamar cewa Zara ta taɓa mallakar ruwa fiye da ɗan ɓurɓushin da ya rage mata. A 1978 kumbon Amurka mai suna Pioneer Venus ya auna iskarta, aka tarar cewa nau'in haidurojin mai nauyi, in an gwada shi da marar nauyi, ya ninka abin da ake samu a ruwan duniyarmu fiye da sau ɗari. Ma'anar wannan ita ce marar nauyin ya tsere zuwa sararin samaniya ya bar mai nauyin a baya, kamar yadda iska take kwashe ƙaiƙayi ta bar tsaba in ana shiƙa. Yadda abin yake faruwa kuwa shi ne, zafi yakan mayar da ruwa tururi, tururin shi ma yana tsare zafi, zafin ya ƙaru ya ƙara tayar da wani tururin, har ya hau can sama inda hasken rana yake farfasa shi, haidurojin ya gudu ba ya dawowa. Masana sun rabu biyu a kan ko ruwan ya taɓa kwanciya ya zama teku, ko kuwa tun farko bai taɓa wuce tururi ba. Wannan gardama ba za ta yanke daga kan kujera ba, kuma domin a yanke ta aka tsara DAVINCI ya ratsa iskar yana aunawa har ƙasa.

Kada mai karatu ya zaci mu ba mu da irin wannan kabon. Muna da kusan kwatankwacin wanda Zara take da shi. Bambancin shi ne namu ruwa ya wanke shi daga sama, tekuna da halittun cikinsu suka mayar da shi dutse a tsawon miliyoyin shekaru. Farin dutsen nan da ake fasawa a Kalambaina da Ashaka ana yin siminti, wani yanki ne na wannan taska, tsohon teku ne ya bar shi. Zara ta rasa ruwa, saboda haka nata kabon yana sama yana gasa ta. Namu yana ɗaure a ƙarƙashin ƙafafunmu, a cikin dutse da kwal da man fetur, mu kuma mun duƙufa muna kwance wanda hannunmu ya kai gare shi. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan a iskarmu, a 2024 ta haura 420.

A nan dole in yi adalci, kada in ci gardama da ƙarya. Masana ba su ce ƙona kwal da fetur zai mayar da duniyarmu Zara ba, tazarar tana da yawa. Amma ƙa'idar da ta gasa Zara ita ce dai take aiki a kanmu, kuma ba sai an kai digiri 465 manomi yake shiga uku ba. A watan Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, cikin watan azumi, mutane suka yi ta mutuwa. Ƙarin digiri biyu ko uku ya isa ya rikita damina, ya ƙone gero tun yana ƙarami, ya kori makiyayi daga inda ya saba ya tura shi gonar wani. Na'urorin lissafin da ake hasashen yanayinmu da su suna bukatar a gwada su a kan wata duniya dabam domin a ga ko ƙa'idojinsu suna tsayawa, kamar yadda ba a sanin ingancin awo sai an auna abin da ya fi na kullum nauyi. Hausawa suka ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa. Ni kuwa na ƙara da cewa mai hankali yakan je ya tambayi yadda wutar ta tashi.

Wannan ba zance ne na fatar baki ba, ya riga ya faru. James Hansen ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Iowa a kan yanayin Zara, kuma aikinsa yana cikin waɗanda suka taimaka aka gane cewa gajimarenta na asid ne. Shi ne jagoran ɗaya daga cikin gwaje-gwajen Pioneer Venus, amma ya ajiye wannan matsayi ya koma nazarin iskar duniyarmu, domin ya ga ita ma tana sauyawa. A watan Yunin 1988 ya tsaya gaban majalisar dattawan Amurka ya ba da shaidar cewa ɗumamar duniya ta riga ta fara, kuma wannan shaida tana cikin abubuwan da suka fito da maganar daga ɗakunan bincike zuwa kunnen jama'a. Ke nan mutumin da ya buga wa duniya wannan kuge a makarantar Zara ya yi karatu. Da a ce wani mai ra'ayi irin na Malam ya hana shi tun farko, ya ce ya bar abin da ba ya ciyar da kowa, da wa aka cuta?

Sai maganar kuɗi da mayunwata, wadda ita ce ta fi taɓa zuciya, domin dukkanmu mun san yunwa ba a littafi ba. Amma a zo a yi lissafi. Lokacin da aka zaɓi DAVINCI da VERITAS, kimanin dala miliyan 500 aka ware domin ƙera kowannensu, kuma a tsawon shekaru za a kashe su. Indiya ta amince da nata kumbon na Zara a 2024 a kan abin da bai wuce kimanin dala miliyan 150 ba. A wannan shekara ta 2024 ƙasashen duniya sun kashe fiye da dala biliyan 2,700 a kan sojoji da makamai, bisa ƙididdigar cibiyar SIPRI da ke Suwidin. In aka raba wannan adadi, za a ga cewa a cikin minti 127 ɗin nan da Venera 13 ya yi a raye, duniya takan kashe wa yaƙi fiye da dala miliyan 600, wato sama da kuɗin ƙera kumbo guda. Mai neman abincin mayunwata ya san rumbun da ya kamata ya fasa. Bugu da ƙari, ban taɓa jin an soke wani bincike an auno hatsi da kuɗinsa an aiko Sahel ba. Manomi na gari ko yunwa ta kai ina ba ya cinye iri, ilimi kuwa shi ne irin al'umma.

Wasu kuma sukan ce in dai dole sai an je wata duniya, to a je Mirrihi, wadda Turawa suke kira Mars, tunda can mota tana iya shekara da shekaru tana yawo. Wannan shawara aka bi, kuma ga inda ta kai mu. Tun da Vega 2 ya sauka a 1985 babu wani kumbo da ya sake taka doron Zara. Tun da aka harba Magellan a 1989 hukumar NASA ba ta sake tura wani kumbo musamman dominta ba. Na Turai, Venus Express, ya yi aiki daga 2006 zuwa 2014. Na Japan, Akatsuki, injinsa ya lalace a 2010 ya wuce ta, ya yi shekara biyar yana kewaya rana, masu shi suka ƙi fid da rai har suka shigar da shi da ƙananan injuna a 2015. Da aka daina jin duriyarsa a 2024, sai ya zama babu mai gadi ko ɗaya a kewayen Zara. Ban raina Mirrihi ba, amma kowane malami a nan ya san ɗalibin da yake maimaita babin da ya fi masa sauƙi ya tsallake mai wuya, ya kuma san yadda yake ƙarewa ranar jarrabawa. An gano duniyoyi fiye da 5,000 da suke kewaya wasu taurari, kuma daga wannan nisa mai girman Zara da mai girman tamu kama ɗaya suke yi. Wanda bai san abin da ya raba Hassana da Usainar gidansu ba, yaya zai bambance tagwayen wani gari?

Kuma Zara ba ta gama magana ba. Magellan ya zana taswirar kashi 98 cikin ɗari na doronta da na'urar rada, wadda take ratsa gajimare. A 2023 Robert Herrick da Scott Hensley suka koma kan waɗannan tsofaffin hotuna, suka tarar cewa wani rami a dutsen Maat Mons ya sauya siffa ya ƙara faɗi tsakanin Fabrairu da Oktoban 1991, alamar cewa aman wuta bai mutu a can ba. A 1985 kumbunan Vega sun saki balan-balan guda biyu, suka yi kusan kwana biyu suna shawagi a tsayin kilomita 54, inda zafi da nauyin iska ba su yi nisa da namu ba. A 2020 Jane Greaves ta Jami'ar Cardiff da abokan aikinta suka ce sun ga alamar iskar fosfin a cikin gajimaren, iskar da a duniyarmu ƙwayoyin halitta suke samarwa. Wasu masana suka musanta, gardama ta kaure, kuma abin da zai raba ta shi ne a je a ɗebo a auna. Ko matsalar narkewar na'urori ma ana cin ƙarfinta, domin injiniyoyin NASA sun gwada wasu sassan lantarki da suka yi sa'a 521 suna aiki a cikin ɗakin da aka mayar da shi kamar doron Zara. Na'urar da ta jure wannan za ta yi amfani a cikin injin jirgi da rijiya mai zurfi a nan gida.

Saura magana ta ƙarshe, wadda ita ce ta fi yi mini ciwo, wato ina ruwan ɗalibin Hausa. Ruwansa ya fara ne daga ranar da kakanninsa suka ɗaga kai suka raɗa wa wannan duniya suna har biyu. Muhammadu al-Kashnawi, Bakatsinen nan masanin lissafi da taurari wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, bai tsaya tambayar ko sama ta Larabawa ce ba kafin ya yi rubutu a kanta. Nijeriya da kanta ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 2003. Na sadarwa da aka harba a 2007 ya lalace a 2008, aka yi ta surutu, amma aka maye gurbinsa a 2011, ba a ce an tuba ba. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda ba ta kai Nijeriya shekaru da samun 'yanci ba, ta kai kumbonta Mirrihi a 2021. Ban ce gobe za mu ƙera kumbon Zara ba. Amma hotunan Magellan a buɗe suke ga duk mai kwamfuta da intanet, kuma abin da aka gano a 2023 ya shekara talatin yana kwance a cikinsu yana jiran mai haƙurin dubawa. Babu abin da ya hana wannan mai haƙuri ya zama ɗan Funtuwa ko 'yar Azare.

Mu kuwa da muke wannan sashe, namu aikin ya ma fi kusa. Harshen da aka hana shi ɗaukar ilimin zamaninsa yakan koma na tatsuniya da cinikin kasuwa kaɗai, masu shi su riƙa aron bakin wasu duk lokacin da za su yi zancen da ya wuce ƙofar gida. In ɗalibin Hausa bai zauna ya nemo yadda za a faɗi nauyin iska da tsarewar zafi da Hausa ba, manomin da damina take rikice masa da wane harshe za a yi masa bayani? Wanda ya ce wa ɗalibi ina ruwanka da sama, ya yanke masa rabin abin da zai yi tunani a kai, ya kuma yanke wa harshen rabin abin da zai iya faɗa.

Saboda haka ina nan a kan bakana: a koma Zara. A tura ƙarfe ya narke, a tura wani ya fi shi daɗewa, har a san abin da ya cinye gidan maƙwabciyarmu. Ga ɗalibanmu kuwa, duk wanda ya ga Zara ta fito da magariba, ya tsaya ya dube ta da kyau, sa'an nan ya shiga ɗakin karatu ya nemi labarinta, ya rubuta mana shi da Hausa. Malam kuma na san ba zai bar ni haka ba. Filin wannan mujalla a buɗe yake baɗi in Allah ya kai mu, ina jiran amsarsa, amma ina roƙonsa ya zo da alƙaluma kamar yadda na zo da nawa. Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.